Ranar da Ya Yi wa Likita Rakiya

Ban taɓa kiran sunan mijina ba yana raye, don haka ba zan fara yanzu a kan takarda ba. Baban yara nake ce masa in muna zaman lafiya. In kuwa ya ɓata mini rai sai in ce masa Musye, wato malam da Faransanci, yadda direbobi ke kiransa a wurin aiki. Ya san bambancin sarai. Da ya ji Musye sai ya fara laluben hularsa, wai ya tuna wani aiki a waje.

Magatakarda ne a wani kamfanin manyan motoci masu kwaso auduga daga ƙauyuka zuwa Garwa. Shi ke cewa wannan mota Kayele za ta, waccan kuma Poli. Muna zaune a Hausare, a gidan da kakansa ya gina bayan ya zo daga Kano cikin ayarin fatake. Ni kuma ɗinki nake yi a tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya, da wani tsohon keke da ke kuka kamar akuya in ya ga dama.

Mutum ne da ba ya cewa wash. Wata rana ƙofar mota ta datse masa yatsa a gareji. Ya dawo gida da hannu cikin aljihu, ya ce yau da cokali zai ci tuwo, wai yana so ya ga abin da Turawa ke ji. Sai washegari da na zo wanke rigar na ga aljihun ya bushe ƙamas da jini. Na yi masa faɗa har maƙwabciya ta leƙo. Abin da ya ce kawai shi ne, ai da sauƙi.

A shekarun da aka zabge albashi aka kuma karya darajar kuɗinmu na sefa, yayansa ya kwanta ciwo. Mai sayar da atamfa ne a babbar kasuwa, mutum mai rufin asiri. Ciwon ya cinye shagon, ya cinye shanun da ya bar wa wani Bafillace kiwo, ya fara cin ɗakunan gida ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe, bayan sallar Juma'a, aka yi sanarwa a masallacin unguwa cewa a taimaka, aka zagaya da faranti. Yayan bai tashi ba duk da haka. Ranar sanarwar baban yara ya dawo bai ko kalli abinci ba. Ya zauna bakin gado da takalmansa a ƙafa, ya ce, "An faɗi sunan gidanmu a lasifika."

Ba a daɗe ba wani mutum ya zo ofishinsu daga Duwala yana tallar inshora, wadda mu a Garwa muke cewa asirans. Irin wadda ya kawo ta manyan cututtuka ce. Ana cire wani abu daga albashinka duk wata, in kuma ɗaya daga cikin mugayen cututtukan nan ta same ka, ta zuciya ko ta ƙoda ko shanyewar jiki ko ciwon daji, sai su ba ka kuɗi a dunƙule ka nemi magani tun kana raye. Baban yara ya sa hannu kafin ya faɗa mini.

Na ce, "Musye, kiran ciwo kake yi, kuma da kuɗinka. Mutum lafiyarsa ƙalau ya je ya rubuta sunayen cututtuka ya sa hannu a ƙasa?"

Ya ce, "Ke dai ji sunan. Asirans. Rufin asiri ke nan da Faransanci."

Na ce Faransancin gareji dai. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Daga nan duk ƙarshen wata sai in tambaye shi ko ya biya wa ciwon nasa kuɗin haya, shi kuma ya ce ya biya, kuma ya roƙe shi ya ci gaba da zama can nesa. Shekaru muka yi muna wannan wasa. Yanzu in na tuna sai in ji kamar in ciji harshena.

A jikin tufafinsa na fara ganewa. Wuyan rigunansa ya yi masa yawa, wando kuma ya fara matse shi a ciki, har sai da na ƙara tsawon zariya. Tuwon dawa da miyar kuka da yake sharewa tas ya koma loma biyu ya ture kwano. Idanunsa suka fara rawaya. Duk safiya in na ce yaya jikin, amsar ɗaya ce. Sai da na ɓoye makullin babur ɗinsa na rantse ba zai ga ofis ba sai mun ga likita, sannan ya bi ni yana gunaguni.

Likitan asibitinmu Bafillacen Marwa ne, dattijo. Bai ma tambaye shi inda ke ciwo ba. Ya kwantar da shi, ya danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama, idonsa na kan fuskar baban yara. Aka yi hoton ciki. Da sakamako ya fito ya zaunar da mu ya ce akwai ƙari a hanta, kuma yana zaton daji ne, amma a Garwa ba su da abin da za su tabbatar da shi. Sai Yawunde. Ya ce ƙarin bai yi girma ba tukuna, in an je da wuri ana iya yankewa.

"Kada ku bari damina ta same ku a nan," in ji shi.

Lokacin ana tsakiyar zafin bazara, irin wanda kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi. Muka fito na kasa gane hanya don hawaye. Tafiya Yawunde ba abin wasa ba ce ga irinmu: mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa daga can, masauki, sannan kuɗin aikin kansa, wanda ko keken ɗinki goma bai isa ya biya ba. Baban yara ya tsayar da mai babur, ya juyo ya ce mini, "Share fuskarki, mutane na kallo. Ai ga ranar asirans ta zo."

Ya kai wa mutanen asirans takardu. Amsa ta zo cewa tunda likitanmu zato ya rubuta, ba tabbaci ba, za su turo nasu likitan daga Duwala ya gan shi da idonsa. In ya ga ciwon mai tsanani ne za a biya nan take. Na ji sanyi a raina. Duk wanda ya ga baban yara a kwanakin nan ba ya bukatar na'ura. Ya daina zuwa aiki. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya dafa bango ya huta.

Da safen ranar da likitan zai zo na kai masa kunu na zauna kusa da shi. Na ce, "Baban yara, yau ɗaya dai, don Allah don Annabi, ka faɗi gaskiya. Ka yi kwanciyarka. Ka bari ya same ka yadda nake samunka."

Ya ce to. Ya ƙara da cewa in aika a sayo giwan ruwa a bakin gada, baƙo ba zai zo daga Duwala ya koma da yunwa ba. Ban ga laifin wannan ba. Na shiga kicin.

Ina cikin suyar kifin na ji ƙamshin turare. Na leƙo sai ga mutumina tsaye a ƙofar ɗaki. Ya yi wanka. Ya saka babbar rigarsa ta Sallah, shuɗiyar shadda mai aikin hannu, wadda ta haɗiye cikin da ya kumbura ta kuma cike kafaɗun da suka zube. Ya kafa hula. Ban san inda ya samo ƙarfin ba, har yau ban sani ba.

Na ce, "Musye! Mene ne haka?"

Ya ce, "Mutum zai taso tun daga bakin teku ya same ni yashe a tabarma kamar kayan wanki? A gidan ubana?"

Kafin in ba shi amsa aka yi sallama.

Likitan saurayi ne ɗan kudu, mai ladabi, gumi ya jiƙa masa riga har baya. Ya ce wannan ne zuwansa arewa na farko. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Fillanci. Baban yara ya tarbe shi a zaure da hannu biyu, ya kai shi falo, ya ba shi kujerar da ke ƙarƙashin fanka, shi ya zauna a miƙe kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ni ina bayan labule. Na yi firamare, ina jin Faransanci daidai gwargwado.

Likitan ya buɗe jaka ya ɗauko biro. Ya ce, "Alors monsieur, yaya kake jin jikinka?"

Baban yara ya ce, "Ça va mieux, docteur. Dieu merci."

Da sauƙi ke nan, ya juya ta zuwa Faransanci kalma da kalma. Na ga biro ya motsa.

A wurinmu wannan amsa ba labarin jiki ba ce. Godiya ce ga Allah, kuma hanya ce ta sauke wa mai tambaya nauyi. Na ji ta a bakin mace tana naƙuda. Na ji ta a bakin kakata ana saura kaɗan a rufe mata ido. Maƙwabtanmu Fulani ma haka suke, ka ce wa mutum jam na, ya ce maka jam, ko da kuwa jini na zuba a ƙafarsa. Wanda aka haifa a nan ba kalmar yake saurare ba, muryar yake saurare, yana kallon yadda mai maganar ya riƙe numfashi. Wannan bawan Allah kuwa an koya masa cewa in marar lafiya ya ce ya ji sauƙi, to ya ji sauƙi.

Ya tambaye shi zafi. Baban yara ya ce ɗan kaɗan, can ba a rasa ba. Ya tambaye shi barci. Ya ce alhamdulillahi. Ya tambaye shi cin abinci, sai ya ɗaga murya ya ce, "A kawo mana kifin nan, likita ya gani da idonsa."

Na shigo da tire. A gidanmu mace ba ta katse mijinta a gaban baƙo, amma ranar na ajiye wannan tarbiyya tare da tiren. Na haɗa Faransancina na ce, "Dokta, ba ya barci. Ba ya ci. Shekaranjiya ya yi amai har da jini."

Likitan ya ɗago ya kalle ni, ya kalli baban yara. Baban yara ya yi murmushi ya girgiza kai.

"Les femmes, docteur. Mata ke nan. Ko kaina ne ya yi ciwo sai ta ce a kira liman."

Suka yi dariya tare. Baban yara ya wanke hannu, ya gutsuri kifi, ya kai baki, ya tauna, ya haɗiye. Ya sake. Ina tsaye ina kallon maƙogwaronsa yana kokawa da kowace loma. Mutumin da kwana da kwanaki kunu ma sai da lallashi.

Ba zan zalunci likitan ba, ya yi aikinsa. Ya sa shi ya kwanta a doguwar kujera, ya danna cikin. Na ga yatsun ƙafar baban yara sun dunƙule cikin safa, amma fuskarsa ba ta motsa ba. Ya duba idanun ya ce lallai akwai shawara, sai dai shawara iri-iri ce, wata kan tafi da kanta. Ya duba hoton asibiti ya jinjina kai, ya yi rubutu mai ɗan tsawo. Sannan ya rufe jaka ya ce kifin arewa ya fi na teku daɗi.

Lungunmu mota ba ta shiga, a bakin titi direba ya tsaya. Da likitan ya miƙe sai baban yara ma ya miƙe. Likitan ya ce a'a, ya zauna ya huta. Ina! Baƙo ya fita gidan Bahaushe ba rakiya? Har jakar ya karɓa ya riƙe masa. Na tsaya a bakin zaure ina kallon bayansu, rana na tsakiyar ka, shaddar nan na ƙyalli, yana tafiya yana nuna wa baƙo masallaci da gidan mai unguwa. Ya tsaya har motar ta tashi, ya ɗaga mata hannu.

Dawowar ce ta ɗauke shi lokaci. Ya bi jikin katanga, yana amsa gaisuwar mutane da kai. Yana sa ƙafa a zaure ya zube. Kifin duk ya dawo, a kan rigar Sallah.

Na riƙe kansa ina kuka ina faɗa. Na ce ya kashe mu. Na ce shekara nawa yana biya don wannan rana, ranar ta zo ya yi mata kwalliya ya kore ta. Na faɗi maganganun da mace ba ta faɗa wa miji ko yana da lafiya. Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "To me zan ce masa? Mutum ya shigo gidana, ya ci abincina. In ce masa mutuwa nake yi?"

Amsar Duwala ba ta daɗe ba. Marar lafiya yana samun sauƙi, yana ci, yana tafiya da ƙafarsa. Za a sake dubawa bayan wata uku. Baban yara ya karanta, ya ninke, ya ce Allah ya kai mu.

Na koma wurin dattijon likitanmu. Ya dafe kai da na ba shi labari, ya ce da ya sani da ya zo ya zauna a falon. Ya rubuta musu da kakkausan harshe. Suka ce ana dubawa. Na ce wa baban yara mu sayar da ɗakunan waje. Ya ce yara su tashi a ina, a gidan haya kamar 'ya'yan yayansa? Na ce to a faɗa a masallaci. Ya juya fuskarsa bango, na kuma san ba zan sake ambata ba. Na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnen aurena ba da saninsa ba. Ƙanena ya aiko da abin da ya samu daga Marwa. Abokan aikinsa suka haɗa nasu a ɓoye suka ba ni, suka ce kada ya ji. Abin ya taru a hankali, kamar ɗigon famfo.

Ranar da na ga kuɗin zai kai mu Yawunde ko da gwajin ne, hadari ya riga ya haɗu a gabas, an yi ruwan fari. Baban yara ba ya iya zama ko da an jingina shi da matashi. Likitanmu ya zo gida ya gan shi, ya ja ni tsakar gida. Ya ce hawan dutsen Ngaundare kaɗai ya isa, ba zai kai tashar jirgi ba. Ya ce in riƙe kuɗin in saya masa maganin rage zafi.

Masu dubiya ba su yanke ba. Direbobi, 'yan unguwa, dangi daga Yelwa. Kowa ya durƙusa ya ce yaya jiki, shi kuma daga kwance, da muryar da sai ka kasa kunne, ya ce da sauƙi. Su ce Allah ya ƙara sauƙi. Su fito tsakar gida su share hawaye, domin su sun ji abin da ya ce. Na tsani kalmar nan. Na daina tambayarsa ma gaba ɗaya, sai dai in juya shi, in goge masa jiki, in ɗiga masa ruwa a baki.

Wata la'asar ana ruwa, ba kowa sai ni da shi. Ina ninke tsummokara sai na ji ya ce, "Kwana biyu ba ki tambaye ni jiki ba."

Na ce, "Na san amsar."

Ya ce, "Tambaye ni dai."

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce, "Baban yara, yaya jikin?"

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Sannan ya ce, "Babu sauƙi. Tun kafin ki ɓoye makullin nan babu." Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne yayansa. Ya ce, "Wallahi na yi niyyar faɗa wa yaron nan. Na shirya maganar tun asuba. Da ya tambaye ni, bakina ne ya ƙi."

Na kwantar da kaina a gefen katifa na riƙe hannunsa, mai yatsan nan da ya warke a karkace. Fushin da na yi ta dako tun ranar kifi ya sauka, ya bar ni da abin da ya fi shi nauyi. Bayan 'yan kwanaki ya cika, da hantsi, yara na makaranta.

Ina cikin takaba, wata rana da rana, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar zaure. Na zo bayan labule na ce wane ne. Muryar ta amsa da Faransanci, na gane ta nan take. Wata ukun ne suka cika, ya dawo kamar yadda aka rubuta. Ta gefen labule na hango jakar nan a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma abarba babba da ya ɗauko tun daga kudu, tukwicin kifi. Ashe a hanya ya sa direba ya koya masa gaisuwarmu. Ya gyara murya, yana jin daɗin kansa, ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Madam, sannu. Yaya jikin musye?"

Na ce, "Da sauƙi."

Wallahi ban san lokacin da ta fito ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ah, voilà! Ai na faɗa."

Sai na ji abin da na ce. Na ɗaga labulen. Ya ga fuskata ba kwalli, ya ga tufafin da ke jikina, ya ga tabarmin zaman makoki a jingine da bangon zaure. Murmushin ya tafi a hankali. Na gaya masa ranar, na gaya masa maƙabartar.

Ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan dakalin zaure da abarbar a cinya. Ya ce zai rubuta wa Duwala, zai bayyana musu. Na ce ya rubuta abin da ya ga dama, wanda za a kai Yawunde ba ya nan. Can ya ɗago, idanunsa sun yi ja, ya ce, "Amma madam, shi da bakinsa ya ce mini ya ji sauƙi. Ya ci abinci. Ya raka ni har mota. Me ya sa?"

Na ce, "Dokta, ni yanzu me na ce maka?"

Ya ajiye abarbar a kan dakali, ya ɗauki jakarsa, ya tsaya kamar mai jiran wani abu. Mai takaba ba ta fita, kuma babu namiji babba a gidan. Shi kaɗai ya bi lungun har bakin titi.